Zafi, Adda da Ƙoda: Nazarin Lamarin Masu Yankan Rake a Wata Masana'antar Sukari a Nikaragwa

Wurin da yadda ake aikin

Wannan nazari ya duba ciwon ƙodar da ke kama masu yankan rake a wata masana'antar sukari, da matakan da aka ɗauka a kansa. Masana'antar tana lardin Chinandega, arewa maso yammacin Nikaragwa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da gaɓar tekun Fasifik. An kafa ta a 1890, tana da gonakin rake masu faɗin gaske da asibitinta na kanta. Kakar yanka tana kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu ko Mayu, wato cikin rani, kuma ƙarshenta ya faɗa a watannin da zafi ya fi tsanani.

Kafin a shiga gona sai an cinna mata wuta, ganye ya ƙone, kara ya rage a tsaye. Da asuba motoci ke sauke ma'aikata. Mai yanka zai sunkuya ya rungumo kara da hannu ɗaya, ya sare gindin da adda dab da ƙasa, ya datse kan, ya jefa a tsibi, ya sake sunkuyawa. Haka zai yi ta yi har ya tara tan 5 zuwa 7 a rana. Yana sanye da riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmi mai kauri, safar hannu da kariyar ƙwauri. Kayan suna tsare shi daga adda da kaifin ganye, amma suna riƙe zafi a jiki. Toka ta lulluɓe shi tun daga fuska har ƙafa, gonar kuwa ba ta da bishiya ko ɗaya da za a fake.

Aikin jinga ne. Ba a biyan awa, tan ake aunawa a biya. Wanda ya zauna minti 15 ya san abin da ya bari a ƙasa.

Ban da masu yankan ƙonannen rake akwai masu yankan iri, waɗanda ke sare ɗanyen rake su gutsuttsura su ɗaure domin dashe, kuma akwai mata a cikinsu. Akwai masu gyaran bututun ban-ruwa, da ma'aikatan tallafi da ke yini a gona ɗaya da masu yanka amma ba su riƙe adda. Wannan bambancin nauyin aiki shi ne daga baya ya ba da damar kwatantawa.

Ana auna zafin wurin aiki da ma'aunin WBGT, wanda ke haɗa zafin iska, laima, ƙarfin rana da motsin iska a lamba ɗaya. Ga aiki mai nauyi, jagororin lafiyar ma'aikata na Amurka suna neman a fara rage lokacin aiki tun ma'aunin yana wajen digiri 26. Idan ya haura 30, abin da suke so shi ne mafi yawan kowace awa ta tafi a hutu. A gonakin wannan yanki yakan kai 30 tun da hantsi.

Bayyanar matsalar: ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2008

Maza 'yan shekara 20 zuwa 40 suka riƙa zuwa asibiti ƙodarsu ta lalace, alhali ba su da ciwon suga, ba su da hawan jini, wato cututtuka biyun da aka saba gani bayan ciwon ƙoda. A 2002 likitocin asibitin Rosales da ke San Salvador, a maƙwabciyar ƙasa El Salvador, suka wallafa rahoton farko a kan irin waɗannan marasa lafiya, yawancinsu manoman gaɓar teku. Daga baya aka ƙiyasta cewa cutar ta kashe fiye da mutum 20,000 a Amurka ta Tsakiya cikin kimanin shekara 20.

Ba ta zuwa da ciwo a farko. Ma'aikaci yakan ji kasala, murɗewar tsoka da zafin fitsari, wani lokaci da zazzaɓi, ya sha magani ya koma gona. Gwajin jini ne kawai ke nuna ta: sinadarin kiriyatinin, wanda lafiyayyar ƙoda ke tacewa ta fitar, sai ya fara taruwa. Mutanen yankin har sun daina kiran cutar da sunanta na asibiti, sai dai su ce wane yana da "kiriyatinin". Wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin aka laƙaba masa suna Tsibirin Matan Mamata. Wankin ƙoda kuwa ba kowa ke samu ba, kuma da yawa suna gudunsa don sun ga waɗanda suka fara ba su daɗe ba.

Ma'aikata sun ɗora laifi a kan magungunan feshi da ruwan sha. Kamfanin ya ce babu hujjar da ta danganta cutar da aikinsa. An kuma kawo zancen barasar gida, ƙarafa masu guba da gado.

Matakan farko na kamfanin

Abu biyu aka fi dogara da su. Na farko gwajin jini kafin kowace kaka: wanda kiriyatinin ɗinsa ya wuce ƙa'ida ba za a ɗauke shi ba. Na biyu rabon ruwa da ƙananan ledojin ruwan gishiri da sukari a gona, tare da wayar da kai a kan shan ruwa.

Gwajin ya fitar da marasa lafiya daga jerin ma'aikata, amma kowace kaka sai an sami sababbi. Wanda aka ƙi ɗauka ya rasa albashi a garin da babu wani babban aiki sai rake. 'Yan jarida sun ruwaito yadda waɗansu ke komawa gona ta hannun 'yan kwangila, wani lokaci da katin shaidar wani, su ci gaba da aikin da ƙodar da ta riga ta taɓu. Ɗa yakan gaji addar ubansa da zarar uban ya kwanta.

2008 zuwa 2012: ƙorafi, sulhu da bincike

A 2006 hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, ta amince wa kamfanin da rancen dala miliyan 55. A Maris 2008 mazauna yankin da ƙungiyar tsofaffin ma'aikata marasa lafiya suka kai ƙorafi ofishin CAO, wanda ke sauraron koken al'umma a kan ayyukan da IFC ta ba kuɗi. Aka zaunar da ɓangarorin biyu, suka amince da Jami'ar Boston ta binciki dalilin cutar.

Sulhun ya samar wa marasa lafiya da iyalan mamata tallafin abinci, ƙananan basussukan jari, gonar kaji da gidaje. Binciken, wanda aka taƙaita sakamakonsa a 2012, bai kama dalili guda ba. Gwajin ruwan bai nuna gubar da za ta bayyana yawan cutar ba. Amma da aka auna ma'aikata a farkon kaka da ƙarshenta, sai aka ga aikin ƙoda yana raguwa cikin watannin yanka, kuma ya fi raguwa ga ma'aikatan gona a kan na cikin masana'anta. Tsakanin masu yanka, waɗanda suka fi shan ruwan gishiri da sukari sun fi tsira. Wani gwajin da aka yi wa 'yan makaranta da ba su taɓa aikin gona ba ya nuna alamun rauni a fitsarin waɗansu, abin da ya bar ƙofar wasu dalilai a buɗe.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Nahiyar Amurka ta amince cewa cutar babbar matsalar lafiyar jama'a ce. A gona kuwa, yadda ake aiki bai sauya sosai ba. Zanga-zanga ta ci gaba a ƙofar masana'antar, kuma a ƙarshen 2015 waɗansu mashaya a Amurka suka ƙaurace wa barasar da rukunin kamfanin ke yi.

2014 zuwa 2015: gwaji a wata masana'antar

Kafin nan an gwada wani tsari a wata masana'antar sukari a El Salvador, bisa ƙa'idar ruwa, hutu da inuwa ta hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka. An ba kowane mai yanka jakar ruwa ta goyo mai cin lita 3, da siririn bututu da ke zuwa bakinsa, don ya sha ba tare da ajiye adda ba. An kawo rumfuna masu sauƙin ɗauka da kulolin ruwa, an tsara hutun minti 10 zuwa 15 a kowace awa. An kuma kawo adda mai lanƙwasa irin ta Ostireliya, aka rage yawan layukan da mutum ɗaya ke ɗauka, don kada ya riƙa dogon tattaki da kara a kafaɗa.

Shan ruwa, bisa faɗar ma'aikatan, ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. Alamun galabaita sun ragu. Abin da mutum ɗaya ke yankawa a rana ya tashi daga tan 5.1 har ya kai 7.3. Aikin ƙoda ya ci gaba da raguwa cikin kakar, sai dai raguwar ba ta kai ta ayarin da bai shiga tsarin ba. Ayarin gwajin yana kan tudu mai ɗan sanyi, ɗayan yana gaɓar teku, don haka kwatancen bai zama cikakke ba.

Kakar 2017/2018: aunawa kafin a taɓa komai

A 2017 masana'antar Nikaragwa ta shiga yarjejeniya mai suna Adelante da ƙungiyar La Isla Network mai fafutukar kare lafiyar ma'aikata, wadda a da take cikin masu sukarta, da Bonsucro mai ba da shaidar ingancin noman rake, da ƙungiyar masu sukari ta ƙasar. A lokacin kamfanin yana da jadawalin hutu, yana da rumfuna, yana raba ruwa. Aka yarda a bar tsarin yadda yake na kaka ɗaya, a auna shi.

An ɗebi jinin ma'aikata fiye da 500 kafin kaka da kuma ƙarshenta. An ɗauki cewa ƙoda ta ji rauni idan kiriyatinin ya ƙaru da miligiram 0.3 a kowace desilita, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na yadda yake a farko. An kuma yi wani abin da ba kasafai ake yi ba: waɗanda suka bar aiki a tsakiyar kaka an bi su har gida an gwada su. Rauni ya fi yawa a cikinsu, wato da an tsaya ga waɗanda suka kai ƙarshen kaka, da lissafin ya fito da kyau fiye da gaskiya.

Sakamakon: kashi 27 cikin 100 na masu yankan ƙonannen rake sun sami raunin ƙoda a kaka ɗaya. Tsakanin masu aiki mara nauyi, da ke shan rana ɗaya da ruwa ɗaya a gona ɗaya, kashi 2 ne. Waɗanda suka yi zazzaɓi cikin kakar sun fi shiga haɗari.

Masu binciken sun kuma yini a gona suna kallon abin da ake yi, ba abin da ke rubuce ba. Ana kafa rumfa da safe a bakin gona, masu yanka kuwa suna ta nisa da ita yayin da suke cin layi, har zuwa gare ta da dawowa ya cinye rabin hutun. Sai mutum ya gwammace ya tsuguna a rana ko ya ci gaba da sara. Ruwan ƙari yana inda rumfar take. Hutun farko yana zuwa a makare, bayan jiki ya riga ya ɗauki zafi. Ruwan gishiri da sukarin ma ba kowa ke son ɗanɗanonsa ba.

Kakar 2018/2019: gyaran da aka yi

Ba a kawo wata sabuwar na'ura ba. An ƙara yawan hutu da jimillar mintunansa, an jawo na farko zuwa safiya, an jera sauran kusan kowace awa, kuma ayari duka ke tsayawa lokaci ɗaya. Aikin masu yankan ƙonannen rake yana ƙarewa da tsakar rana. An sauya rumfunan zuwa masu sauƙin naɗewa, buɗaɗɗu ta gefe don iska ta ratsa, da kujerun zama, aka ɗora wa wasu alhakin matsar da su suna bin masu yanka. Ruwa da ruwan gishiri da sukari suka koma ƙarƙashin kowace rumfa, aka gyara ɗanɗanon. Ma'aikatan lafiya suna zagayawa suna duba fitsari da alamun galabaita.

Dalilin wannan jeri yana cikin yadda jiki ke aiki. Tsokar da ke sara ita kanta murhu ce. Idan zafin cikin jiki ya hau, jini yakan karkata zuwa fata da tsoka, rabon ƙoda ya ragu, ga zufa tana kwashe ruwa da gishiri. Ruwa yana mayar da abin da zufa ta ɗauke, amma ba ya kashe murhun. Tsayawa ce ke kashe shi, inuwa kuma ta bar jiki ya huce da sauri. Manufar ita ce kada zafin cikin jiki ya daɗe sama da digiri 38. Gajerun hutu da yawa tun da wuri sun fi dogon hutu ɗaya bayan an galabaita.

Da aka maimaita gwajin jini, raunin ƙoda tsakanin masu yankan ƙonannen rake ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 idan aka kwatanta da kakar baya. Tsakanin masu yankan iri bai ragu ba. Masu sa ido sun ga cewa a ayarinsu ba a bi sabon tsarin yadda ya kamata ba.

Daga 2019: inda aka fara cijewa

Hankali ya koma kan dalilin da ya sa umarni ɗaya ya zauna a wani ayari ya ƙi zama a wani. Hirarrakin da aka yi da manajoji da shugabannin ayari sun nuna cewa kowa ya yarda da muhimmancin hutu, amma abin da ake tambayar shugaban ayari da yamma shi ne tan nawa aka yanka. Sashen lafiya yana ba da umarni, sashen noma ke riƙe da mutane. Idan aka makara wajen cika mota, hutu ne ke fara tafiya. Shi ma mai yanka ba ya ƙorafi, tunda jinga yake.

Sai aka shigar da bin jadawalin hutu, inuwa da ruwa cikin abubuwan da ake auna shugabannin ayari da su, aka riƙa rubuta abin da aka gani a gona ana kai wa manya a kai a kai. An gano kuma cewa mata suna rage shan ruwa da gangan saboda babu makewayi a fili, don haka aka ƙara bandaki mai ɗaukuwa a cikin tsarin. An tsananta gargaɗi a kan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ma'aikata ke sha don su iya tashi washegari, alhali suna ƙara rage jinin da ke zuwa ƙoda.

A kakannin da suka biyo baya raunin ƙoda ya ci gaba da raguwa, har da masu yankan iri. Yawan waɗanda ake kwantarwa a asibitin masana'antar da raunin ƙoda na farat ɗaya ya sauka ƙwarai. Abin da mutum ɗaya ke yankawa a rana bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, duk da an rage mintunan sara. Nazarin kuɗin da aka yi ya nuna kamfanin ya mayar da abin da ya kashe, ta hanyar raguwar kuɗin jinya da ƙaruwar aiki.

Hukunci

Gwajin jini kafin ɗauka bai hana cutar ba, domin mutane yake tacewa, aikin yana nan yadda yake. Ya tsare littafin kamfanin, ya tura mara lafiya inda ba a ganinsa. Tallafin abinci da gidaje hakki ne da ya kamata a biya, amma ya zo bayan ƙoda ta tafi. Rabon ruwa shi kaɗai ya gaza saboda ya bar wa ma'aikaci zaɓin tsayawa, a tsarin da tsayawa ke rage masa abincin gida. Shekarun da aka kwashe ana jayayya a kan dalili guda su ne asara mafi girma a lamarin: tun 2012 an san waɗanda suka fi shiga haɗari da lokacin da raunin ke faruwa, kuma wannan ya isa a sauya jadawali.

Abin da ya yi aiki bai bambanta sosai da abin da ke rubuce a takarda tun farko ba. Bambancin yana wurin tazarar rumfa da mai yanka, lokacin hutun farko, tsayawar kowa tare don kada wani ya ga ana wuce shi, da kuma tambayar da ake yi wa shugaban ayari. Kwatancen kashi 27 da kashi 2 ya nuna nauyin aiki cikin zafi ne babban abin da ya raba su. Kwatancen masu yankan ƙonannen rake da masu yankan iri a kaka ta biyu ya nuna aiwatarwa ce ta raba su.

Akwai iyaka ga abin da za a ɗauka. An kwatanta kaka da kaka ne, ba ayari biyu da aka zaɓa da ƙuri'a ba. Abin da aka auna rauni ne na kaka ɗaya, ba mutuwa ba. Tsarin bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba, kuma bai taɓa tushen jinga ba, sai dai ya yi mata shinge. Ƙananan gonaki da masu aiki ƙarƙashin 'yan kwangila, inda babu asibiti babu mai sa ido, su ne ya fi wuya ya kai gare su.

Darasin ya shafe mu a Najeriya kai tsaye. Ana yankan rake a Numan da Bacita da Sunti, ana buga bulo da dako da aikin gidan burodi a garuruwan da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, kuma yawanci jinga ce. Mai wurin aiki zai iya farawa da abin da ba ya cin kuɗi sosai: a jawo aiki mai nauyi zuwa bayan asuba a tashi kafin azahar, a sa inuwa da ruwa inda tafiyar minti ɗaya za ta kai, a tsayar da kowa tare kowace awa. Gwargwadon sha shi ne kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kada ya wuce kimanin lita ɗaya da rabi a awa. Sabon ma'aikaci ya fara da kashi 20 cikin 100 na aikin a ranar farko, a riƙa ƙara masa kashi 20 kullum, mai zazzaɓi kuma kada ya shiga rana. Idan azumi ya faɗo cikin bazara, kamar yadda ya yi a 2022 da 2023, ruwa ya fita daga lissafin yini, sai nauyin duka ya koma kan rage awoyi, ƙara hutu da mayar da sara zuwa sanyin safiya ko bayan buɗa-baki.